Ganyen da Ban Kai Rami Ba

Kwanakin baya ina tsaye a harabar makarantar da nake koyarwa, mai shara ya ɗaga wani tsohon bulo da ya daɗe a gindin mangwaro. Ganyen da ya maƙale a ƙarƙashinsa tun damina ya riga ya ruɓe, ya yi baƙi ƙirin, sai wani ƙamshi ya taso, irin na ƙasa mai laima wadda ta daɗe ba ta ga rana ba. Shi dai ya kau da kai ya tofar da yawu. Ni kuwa na tsaya a wurin har aka kaɗa ƙararrawar shiga aji ban ji ba. Na san ba kowa zai kira wannan abu ƙamshi ba. Amma a cikinsa na tashi, kuma idan ka yi haƙuri da ni, mai karatu, zan gaya maka yadda aka yi.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Tudun Wada ta nufi Doguwa, kafin a shiga daji. Ba babban gari ba ne. A lokacin da nake ba ka labari itatuwa sun fi gidaje yawa. Mangwaro a kusan kowace ƙofa, darbejiya a bakin masallaci, ɗorawa da kaɗanya a gonaki, ga wata ƙatuwar ceɗiya inda dattawa ke zama bayan la'asar. Da zarar an gama girbi, an kai dawa rumbu, sanyi ya fara shigowa, sai itatuwan nan su soma zubar da ganye. Ka share tsakar gida da safe, kafin azahar kamar ba a taɓa sa tsintsiya ba. Abin da kowa ke yi shi ne a tara a ƙofar gida a ƙyasta ashana. Da yamma idan ka hango garin daga gona, hayaƙi za ka gani kwance a kansa. Ba ya tashi sama. Lungu-lungu yake bi, yana shiga zaure, yana shiga ɗakuna, har tuwon dare sai ka ji warinsa a ciki.

Gida ɗaya ne ba a ƙona ganye, shi ne namu, saboda kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da aka yaye ni aka miƙa mata ni. A ɗakinta nake kwana, a kwanonta nake ci. Siririyar mace ce mai tsawo, tafin hannunta ya yi kanta saboda fartanya, kuma ba ta da yawan magana. A Riruwai ta yi zaman aure, inda kakana ya yi haƙar kuza. Da ya rasu ta dawo ƙauye da babana yana ƙarami, dangin miji suka yanka mata wani fili a bayan gida. Fako ne, jar ƙasa mai tsakuwa wadda ko ciyawa ba ta so. An ba ta ne don babu mai bukatarsa.

Wannan fakon ta mayar lambu, kuma da ganye ta yi shi. Ni ban ga fakon ba, labarinsa na ji. Abin da na tarar shi ne ƙasa baƙa mai laushi da za ka nutsa hannu har wuyan hannu, da mangwaro huɗu, da gwaba, da zogale a jikin danga, da fangalin tattasai da yalo da albasa da alayyahu, da rijiya a tsakiya. A can ƙarshen lambun kuma ramuka uku ne a jere, kowanne zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma ba ta yarda a tsallake ko ɗaya. Ganyen mangwaro tauri gare shi, sai ya shekara a ƙasa bai ruɓe ba, don haka ba ya zuwa rami kai tsaye. Sai an fara shimfiɗa shi a turken awaki, su kwana a kai, su tattake shi, su jiƙa shi da fitsari har ya yi laushi. Bayan mako biyu mu kwashe da manjagara mu kai ramin farko. A zuba ganye, a bi shi da kashin awaki da na kaji, a barbaɗa tokar murhu, a watsa 'yar ƙasa, a yayyafa ruwan wanke-wanke wanda babu sabulu a ciki, sannan a sake ganye. Idan ya cika a rufe da karan dawa da tsohuwar zana. Tana da wata doguwar sanda da take cusawa har ƙasan ramin ta bar ta. Bayan kwana kaɗan ta zaro, ta ɗora min kanta a kumatu. Idan na ce da ɗumi, sai ta gyaɗa kai ta mayar. Idan na ce da sanyi, to ranar akwai jan ruwa da juyi. Daga ramin farko a juye zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, kafin bazara ta ƙare abin ya zama taki baƙi mai sanyi, ga gwazarma da tana suna motsi a ciki, kaji sun kewaye mu suna jiran rabonsu.

Ganyen darbejiya kuwa daban take ajiye shi. Wani ta shanya ta zuba a rumbu saboda ƙwari, sauran ta lulluɓe gindin tattasai da yalo da shi, don kada rana ta shanye ruwan da muka sha wahalar ja da guga. Masu lambu a bakin rafi kullum suke ban ruwa. Mu sai bayan kwana biyu, wani lokacin uku.

Da a ce don lambun kaɗai take hana ƙona ganye, da ba ni da labarin da zan ba ka. Akwai ƙanwata.

Shekara shida na ba ta. Fara ce, 'yar ƙarama, mai yawan tambaya. Tun tana goye take da ciwon da tsofaffi ke kira fuka, a asibiti aka ce asma. Idan abin ya taso mata sai ta zauna ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta su riƙa ɗagawa, wani siririn fito yana fita daga ƙirjinta. Ita da kanta ta sa wa fiton suna. Takan ce tsuntsunta ya farka. An rubuta mata wani ɗan magani da ake fesawa a baki, wanda ba a samunsa a ƙauye sai Baba ya sayo idan ya shiga gari, aka kuma ce a nisanta ta da hayaƙi. Idan tana lafiya kuwa ba ka ce ita ce ba. Ta fi kowa son tsalle a cikin tarin ganye, takan ɗauki gwazarma a tafin hannu tana yi mata magana, ta hana kaji su ci.

Hana ƙona ganye a gidanmu bai isa ba, don hayaƙi ba ya tsayawa a katangar mai shi. Saboda haka duk shekara idan ganye ya fara zuba, Iya takan yafa mayafi ta bi gidaje shida da ke kewaye da mu, ina biye da ita. Ta gaisa da matan gida, ta tambayi yara da gajiyar kaka, sannan ta ce, "Alfarma na zo nema. Idan kun yi shara ku tara min ganyen a gefe, kada ku sa wuta. Ni zan zo in kwashe." Wasu su amsa da girmamawa, wasu su yi dariya bayan mun fita. Na sha jin yara suna ce mata tsohuwa mai bin bola. Amma yawanci suna tarawa, tun da ta rage musu aiki ne. Kullum bayan la'asar ni da ita muna kan hanya, ita da buhu, ni da kwando, mu kwaso mu kai turke, mu koma.

Shekarar da na cika sha biyu, ana gama girbi, Iya ta zame a bakin rijiya ta faɗi a kan dutsen da muke ɗora tulu. Ƙashin ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya zo ya yi abin da zai iya, ya ce kwanciya ce ta watanni. Baba a lokacin sayen masara yake yi, yau yana kasuwar Kafin Maiyaki, gobe Dangora, sai ya kwana biyu bai kwana gida ba. Inna, mahaifiyata, tana cikin jego, ko arba'in ba ta yi ba. Babu wanda ya rage sai ni.

Iya ta kira ni bakin gadonta. Ɗakin yana warin man shafawar mai ɗori. Ta ce, "Kin ga yadda Allah ya yi da ni. Gidajen nan shida yanzu naki ne. Ko ba ki kai rami ba, ki kai turke. Ba don taki nake faɗa miki ba, don ƙirjin yarinyar nan ne."

Na ce, "To, Iya."

Kuma na yi, ina so ka san wannan. Mako uku ina yi. Da safe boko, da rana allo, daga nan in ɗauki kwando. Abin da mu biyu muke kwashewa a sawu biyar ya koma sawu goma sha wani abu. Ganyen busasshe ba shi da nauyi, amma sharar gida ba ganye kaɗai ba ce. Akwai ƙasa a ciki, da ɓawon rake, da tsumma, da leda, sai ka tsaya ka tsince. Wuyana ya riƙa ciwo, jikina ya riƙa ƙaiƙayi, wata rana kunama ta harbe ni a yatsa na kwana da zugi, washegari na koma. Sa'o'ina suna wucewa zuwa gaɗa suna kirana jikar mai bola. Matar wani gida ta tare ni ta ce, "Ke 'yar nan, sharar nan ta toshe mana ƙofa. In ba ki kwashe yau ba gobe wuta za mu sa."

Daga nan na fara ha'inci. Maimakon in zagaya ta ƙofar gida in kai turke in shimfiɗa, sai in juye a bayan dangar lambu, inda babu mai gani daga cikin gida, ba tare da na tsince komai ba. Na ce a raina zan kwashe ranar da babu makaranta. Ranar ta zo ta wuce ban kwashe ba. Tarin ya riƙa girma har ya kai min ƙirji. Duk yamma Iya ta tambaye ni, "An kai turke?" in ce an kai.

Wata Alhamis da sassafe Iya ta ce ta gaji da kallon rufin ɗaki. Gobe idan Baba ya dawo za ta sa a ɗauke ta a kai ta lambu ta ga ramukanta. Daga bakin ramukan ana hango bayan danga sarai. Ba duka nake tsoro ba, Iya ba ta taɓa dukana ba. Kallon da za ta yi min nake tsoro, ta gane mako guda ina yi mata ƙarya tana kwance.

Bayan azahar na shiga madafa na zari ashana na ɓoye a ƙugun zane. Na zagaya bayan danga. Na ɗebi ƙasa na watsa sama kamar yadda na ga maza suna yi kafin su ƙona gona, iska ta kwashe ta ta yi wajen gonaki. Na ce shi ke nan, kafin kowa ya ankara ya cinye. Ban taɓa ƙona ganye ba a rayuwata, ban san halinsa ba. Na sama ne kaɗai ya bushe. Na ƙasa ya sha raɓa, ya dunƙule, ga leda da tsumma a ciki. Wutar ta lashe saman da sauri ta mutu, sai cikin ya kama ci a hankali, hayaƙi ya fara fita mai kauri, wani rawaya-rawaya, mai ɗaci a maƙogwaro. Ina tsaye ina kallo iska ta juya. Na ga hayaƙin ya kwanta, ya ratsa danga, ya bi ta kan fangalin albasa ya nufi cikin gida.

Na hau tattakawa da ƙafa. Na watsa ƙasa da hannu biyu. Na ruga rijiya na jawo guga na sheƙa, na sake jawowa, duk ruwan da na zuba sai hayaƙin ya ƙaru. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Muryar Inna ce ta dawo da ni. Ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari, sai na ji tana cewa, "Ina yarinyar nan take? Ku nemo min yarinyar nan."

Na tarar da ƙanwata zaune a ƙofar ɗakin Iya, ta dafa gwiwoyi. Tsakar gidan ta yi dishi-dishi. Ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Yaya, tsuntsun ya farka." Inna tana durƙushe a gabanta da ɗan maganin nan, tana girgizawa tana dannawa, babu abin da ke fita. Aka shigar da ita ɗaki, ɗakin ma hayaƙi. Aka fito da ita zaure, aka yi mata fifita, aka shafa mata man zafi a ƙirji. Fiton ya riƙa siririncewa. Leɓunanta suka canja launi.

Ni aka aika gidan maƙwabcinmu mai babur. Allah ya sa yana nan. Inna, wadda ba ta taɓa taka ƙofar gida ba tun da ta haihu, ta kwance jaririn daga bayanta ta miƙo min, ta ja mayafi, ta hau ta rungume ƙanwata a tsakaninta da mai babur. Takalmi ɗaya ne a ƙafar yarinyar. Suka hau titi suka yi wajen Tudun Wada.

Na koma ciki da jariri a kafaɗa. Iya tana kwance, ta juyo da fuskarta wajen ƙofa. Ta ce, "Hayaƙin nan daga ina?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta dubi ƙafafuna. Ni ma na duba. Baƙi ne har idon sawu, gefen zanena ya ƙone. Ta mayar da fuskarta bango, na ji tana jan salati.

Kafin magariba muka ji ƙarar babur. A hankali yake tafiya, daga nan na gane. Ba su kai asibiti ba. Mai babur ya ce a wajen wata 'yar gada Inna ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya tsaya, ya juya gida. An aika wa Baba, da safe aka kai ƙanwata makwancinta.

Babu wanda ya tambayi komai. Masu ta'aziyya suka cika gida, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na ji mata suna magana a tsakaninsu cewa ranar gida uku aka ƙona shara a unguwar, har da gidan matar da ta yi min kashedi. Gaskiya ne, an ƙona. Na riƙe wannan magana na kwana da ita shekaru, ina auna nisan kowace wuta da ƙofar ɗakin Iya. Duk yadda na auna, tawa ce ta fi kusa.

Bayan addu'ar bakwai Iya ta sa Baba da wani ƙanensa suka ɗauke ta a kan gadon kara suka ajiye ta a inuwar mangwaro, kusa da ramukan. Ta ce su tafi. Daga inda take tana ganin abin da ya rage na tarin, baƙi, rabi ganye rabi toka. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ɗauko kwando. Ki tsince ledar, ki kwaso sauran duka, har tokar, ki zuba a ramin farko."

Na yi sawu shida. A na ƙarshe na ajiye kwandon na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Iya, ni ce na..."

Ta ɗaga hannu. "Ban tambaye ki ba."

"Iya, ina so in faɗa."

"Na san abin da kike so ki faɗa. Riƙe shi. Uwarki ta binne ɗaya, ba za ta iya kallonki da wannan a ranta ba. Kada ki faɗa mata, kada ki faɗa wa ubanki. Ki roƙi Allah gafara, ni ma zan roƙa, don ni na aike ki." Sannan ta ce, "Jawo ruwa ki yayyafa. Ya bushe da yawa."

Ban sake jin maganar daga bakinta ba. Har yau ban san ko daidai ta yi ba. Na san don ta kare ni ta yi, amma abin da ta ce in riƙe ya yi wa yarinya 'yar shekara sha biyu nauyi. Na daina zuwa gaɗa ba tare da an hana ni ba. Na daina haɗa ido da Inna, kuma da yake dama tsakanin uwa da 'yar fari akwai kunya, babu wanda ya lura. Gidajen shida na ci gaba da binsu har ganye ya daina zuba, ban sake juye ko kwando ɗaya a bayan danga ba. Shekarar nan da wadda ta biyo baya babu wanda ya ƙona shara a kusa da mu, suna jin nauyinmu. Daga baya kuma aka koma yadda ake.

Iya ba ta sake tafiya da ƙafarta sosai ba. Daga kan tabarma take nuna min abin yi da sanda. Damina biyu ta ƙara ta rasu. Ni aka tura ni makarantar kwana, daga nan aure ya kawo ni Kano. Lambun ya riƙa lalacewa a hankali, don babu mai jurar wahalarsa. Bayan rasuwar Baba aka raba gado, aka sayar da mangwarorin ga masu gawayi, aka yanka wurin fuloti biyu. Inda ramukan suke yanzu shagon cajin waya ne.

Sallar da ta wuce na je gida. Inna ta tsufa, tana zaune a wajen ƙanena, jaririn nan da aka miƙo min ranar, wanda yanzu yake da 'ya'ya huɗu. An shafe tsakar gidan da siminti. Da hantsi kowa ya fita yawon Sallah, ya rage ni da ita, tana tsintar wake a faranti. Ban shirya ba. Na ji kawai bakina yana faɗa. Na gaya mata tarin, da ƙaryar, da ashanar, da yadda iska ta juya. Ban ɗago kai ba har na gama.

Hannunta bai tsaya da tsintar ba. Can ta ce, "Na sani. Ta kan danga hayaƙin ya shigo, kuma babu mai zuwa bayan lambun nan sai ke."

Na ce, "Inna, ba ki taɓa faɗa ba."

Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "Maganin nan kwana huɗu kafin ranar na san ya ƙare. Na girgiza na ji babu komai. Na ce bari babanku ya dawo daga kasuwa in faɗa masa. Ya dawo ya kwana ya koma, na ga ya gaji, na ce sai wani zuwan. Ranar da kika ga ina dannawa, na san babu komai a ciki." Ta ɗago ta dube ni, kallon da ban tuna ta taɓa yi min irinsa ba. "Shekara talatin ina jiran ki faɗi naki, don in samu bakin faɗin nawa."

Ba mu yi kuka ba. Ba ta ce ta yafe min ba. Ta turo farantin tsakaninmu, muka ƙarasa tsintar waken tare.

Da yamma ƙanena ya raka ni bakin titi neman mota. Garin ya girma, an yi gidajen bulo har inda gonaki suke a da. Ceɗiyar dattawa babu ita, darbejiyar masallaci an sare an faɗaɗa ginin. Za ka yi tafiya mai nisa ba ka taka ganye ba. Amma hayaƙin yamma yana nan, ya ma fi na da baƙi, don abin da ake sharewa yanzu leda ce da robar ruwa da tsummokaran roba. A ƙofar gidanmu ma an tara an kunna. 'Yar ƙanena ta uku tana riƙe da hannuna, tana wani tari busasshe da ban so jinsa ba. Na sunkuya na kara kunne a bayanta. Ban ji fito ba, amma na ce masa ya kai ta a duba, kuma ya daina bari a ƙona shara a ƙofar gida.

Ya ce, "To, Yaya, za a kai ta. Amma ledar ina za mu kai ta? Ko an binne ba ta ruɓewa."

Ganye na san yadda ake yi da shi, da wuyana na koya. Wannan kuwa babu wanda ya bar min komai a kansa. Mota ta tsaya, na saki hannun yarinyar na shiga. Muna tashi na waiwaya, na ga suna komawa gida, shi a gaba ita a baya, ta ɗaga gefen hijabinta ta toshe hanci.